Shekarar da Rijiyar Iya ta Ƙafe

Tun kuna ƙanana kuke jin labarin nan a bakin Baba Bulus, ranar Sallah in ya zo cin namanmu, ranar Kirsimeti in mun je cin shinkafarsa: wai babanku ya ɗora wa babur tankin tsere na Turawa, ya cika Samaru da baki, ranar tsere kuma ya zo na ƙarshe, har mai rake a kan keke ya wuce shi. To, na ƙarshe kam na zo, ban taɓa musu ba. Zancen mai rake ne ƙari. Mai baro ne, kuma gangara ce ta taimake shi. Abin da Bulus bai sani ba, uwarku ma rabi ta sani, shi ne dalili. Na riƙe shi a cikina duk tsawon ran kakarku Iya. Yanzu da ta riga mu gidan gaskiya, kuma na ji babbanku ya fara tambayar farashin babur a waya yana rage murya, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, kafin Bulus ya ƙara wa labarin jaki da kunkuru.

Sai kun fara gane Iya kafin ku gane tankin. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife ni bakinta bai taɓa furta Lawal ba. Ko wani Lawal ɗin aka aiko gidanmu, sai dai ta ce masa mai sunan wancan. Ina yaro ni ne yaron nan, da na yi gemu na zama wancan, da na sayi babur na sami ƙarin girma na zama mai babur. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta tambayata komai, ba ta roƙona komai. In tana da magana da ni, akwai wata jar akuya a gidanmu mai suna Kyalla, ita ake gaya wa, ni kuma ina tsaye a gefe ina kwashewa.

"Kyalla, a gaya wa mutane tuwonsu na nan a rufe. In ya huce ba ruwan kowa."

Ni ma in na ci na ƙoshi sai in tsaya gaban akuya in ce an gode, Allah ya ƙara buɗi. Akuyar nan ta san sirrin gidanmu fiye da mai unguwa. Kada ku ɗauka rashin so ne. Ƙannena da take kiran sunansu har unguwa ta amsa, tsoka ɗaya-ɗaya suke samu a miya. Ni da ba ni da suna, sai in tona ƙarƙashin tuwona in tarar da rabin kaza a ɓoye.

Da mahaifinmu ya rasu, abin da aka ba ta daga masana'antar da ya yi wa aiki a Chikaji shi ta sayi injin markaɗe da shi, ta kafa a rumfa kusa da zaure. Injin nan shi ya ciyar da mu, ya sa mu makaranta, ya kafa mini shagon kwafin takardu da nake yi wa ɗaliban jami'a. Ƙararsa kuwa, ladanin unguwarmu sauri yake yi ya gama kiran sallar asuba kafin Iya ta ja igiya, don in ta riga shi ba mai jin sa sai Allah. Mata daga layi uku suke zuwa da tattasai da tumatir da wake, ba don babu wani injin ba, sai don a rumfar Iya ake jin wa ta haihu, wa ya dawo daga Legas, wa aka yi wa baiko. A rumfar nan ita ce sarauniya.

Babur ɗina ɗan Kwatano ne, irin manyan nan masu rufaffen jiki da ake kwanciya a kansu kamar mai leƙen rijiya. Abokaina suka sa masa Guguwa. In na murɗa shi a bakin kasuwar Samaru, kajin ƙauyen Bomo ne ke fara gudu. Na saye shi daidai lokacin da wahalar mai ta zama abincin kowa: gidan mai ya buɗe yau, ya rufe kwana da kwanaki, in ya buɗe kuma ba a sayar wa mai jarka ko mai galan, sai abin hawa. Wata rana da yamma na ji Iya tana gaya wa Kyalla cewa gobe inji da yunwa zai tashi. Na tura Guguwa na jingine shi jikin rumfa, na bar makulli a jikin murfin tanki, na shige ɗaki. Da asuba inji ya tashi da ƙarar da ta fi ta kullum. Da na fito, makullin na rataye a ƙusa, tankin kuma an goge shi da gefen zane yana ƙyalli.

Shi ke nan, ta zauna. Kullum in bar makulli, kullum ta sa tiyo ta zuƙa da baki ta tara a galan. Ban taɓa ganin ta tana yi ba, ban kuma taɓa leƙawa ba. Nawa take ɗiba? Ban sani ba, ban nemi sani ba. Ni dai na san Guguwa mashayin mai ne, kuma na san rabin ƙuruciyata a layin gidan mai na yi ta. Wata rana na ji ta ce wa wata mai markaɗe ta matsa da bokitinta kada ta goge rijiya. Na duba ko'ina ban ga rijiya ba sai babur ɗina. A waje Guguwa, a gida Rijiya.

A shekarar da nake ba ku labari abubuwa uku suka shigo rayuwata kusan tare: wayar hannu, uwarku Rakiya, da wani yaro ɗan gidan masu kuɗi ana ce masa Nura. Biyun farko alheri ne. Nura kuwa jan babur gare shi, kuma ranakun Lahadi da safe in mun taru a titin Shika, kafin motoci su yi yawa, a miƙaƙƙiyar hanya sai in bar shi yana shan hayaƙina, amma da an zo kwana sai ya wuce ni yana ɗaga mini yatsu biyu. Abin ya hana ni cin abinci, wato ya rage mini daga malmala huɗu zuwa uku. Na kai kuka wurin Bulus, makanikin babur a Sabon Gari, mutumin kudancin Kaduna, abokina tun muna tsallaka waya muna tsinkar mangwaron jami'a. Ya ƙwanƙwasa tankina ya ce ga matsalar nan: wannan ba tanki ba ne, randa ce. In na kwanta a kwana, man da ke ciki sai ya kwaso gefe ɗaya ya ja ni, kamar yarinya ta ɗauko tulu rabi tana gudu.

Ba a jima ba Oga Chidi, mai sayar da kayan babur na hannu, haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri, ya kira ni a sabuwar wayata ya ce in zo in ga abin da ya faɗo cikin kayan da aka sauke masa. Tankin tsere ne na gaske, na alminiyam, fari tas ba fenti, siriri kamar ƙugun zanzaro. Na ɗaga shi da yatsu biyu. Ni a lokacin na rantse da an bar shi a waje iska za ta kai shi Kano. Muka yi musaya, na bar masa tsohon nawa, muka ɗauki sabon muka nufi garejin Bulus kamar masu rakiyar amarya.

Ɗora shi kuwa yini guda ya ci mana. Kunnuwan tankin da ake ɗaure noti ba su zo daidai da ramukan jikin babur ba, kowanne ya kalli gabansa. Sai da muka je wurin wani mai walda a Chikaji ya yanko mana ƙarafa biyu ya lanƙwasa, Bulus yana tsaye rungume da tankin can nesa, ya ce ko tartsatsi ɗaya ya taɓa shi sai an yi shari'a. Muka dawo ya yanka tsohuwar robar taya ya shimfiɗa a ƙarƙashi don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Aka zo mayar da kujera, gabanta ya yi tsawo, muka aro wuƙar mai tsire muka rage mata hanci. Tiyon da ke kai mai kafireto ya gaza, aka sauya. Akwai wani siririn tiyo a sama da Bulus ya so ya ƙulle, Chidi ya ce a bar shi, ta nan tankin ke numfashi. Ana cikin haka Bulus ya buɗe murfi ya leƙa, ya ɗago a hankali ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda za a gaya wa rasuwa.

"Lawandi, an cuce ka. Katifa ce a ciki."

Na leƙa. Soso ne cunkus, tun daga ƙasa har wuya. Chidi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai soson shi ne tankin, sauran duk gwangwani ne. Shi ke riƙe mai wuri ɗaya, ko ka kwanta har kunnenka ya taɓa kwalta ba zai kwaso ba. Muka zuba mai, na girgiza babur na kasa kunne yadda kowane mai babur a Zariya yake auna mansa. Shiru, ko ɗan ƙulum. Muka kalli juna muka jinjina wa Turawa. Kuma don kada ku ce ban tuna da Iya ba, na tuna. Murfin sabon tankin ba shi da makulli, murɗawa kawai ake yi. Na ce a raina, kai, har na sauƙaƙa wa tsohuwa aiki.

Kwana kaɗan sai ga abin al'ajabi. Tankin bai kai tsohon ɗaukar mai ba, amma mai ya daina ƙarewa. Inji na tashi kowace asuba yadda ya saba, ni kuma in yi ta yawo, in je Sabon Gari in dawo, in leƙa in ga soso jiƙe sharkaf. Na ce lallai Bature ya gama da duniya. Na ba da labari a teburin mai shayi, na ba ɗalibai masu jiran kwafi, na ba liman. Kafin mako ya zagayo labarin ya dawo mini cewa tankina yana haihuwar mai. Ban ƙaryata ba. Wata yamma a tsakar gida, Iya na tsintar wake a tire, na ce wa uwarku da ƙarfi, don kowa ya taya ni murna:

"Tun da na sa tankin nan na huta. Da can ban san ta inda mai yake zurarewa ba. Yanzu ko ɗigo ba ya ɓata."

Iya ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki. Na ɗauka sauro ne ya dame ta.

Daga nan inji ya fara tari. Ya yi ƙara ya shaƙe, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu ana tsakiyar markaɗe, mata na tsaye da bokitai suna kallon juna. Wata ta ce miyarta ta jiya warin kananzir take yi. Layin da ke kaiwa bakin titi ya dawo mutum uku, ya dawo ɗaya. Ni kuma da kaifin basirata na tsaya gaban Kyalla na ce injin nan ya tsufa, ya kamata a bar shi ya huta. Ranar da abin ya kai ƙarshe, rana ce ta tashe ni a fuska. A rayuwata ban taɓa makara sallar asuba a gidan nan ba, don ba a iya makara kusa da injin Iya. Na fito na tarar da rumfa a share, an lulluɓe inji da buhu, Iya na zaune tana ɗaure kwanukanta a tsohon zane. Ba ta ɗago ba.

"Kyalla, gobe in Allah ya kai mu Bomo za mu koma, ni da ke, gidan ƙanena Idi. A nemi mai sayen inji. Mutane sun yi iyali, nauyi ya yi musu yawa. Mai rijiya kuma in ya toshe abarsa, ba a ce ya yi laifi ba."

Ta faɗe shi ne a sanyaye, kamar mai cewa za a yi ruwa. Uwarku, wadda a lokacin amarya ce da ko tari ba ta yi a gaban Iya, ta yafuto ni daga bayan labule. Ta ce tun washegarin da na kawo tankin take gani ta taga. Iya ta fito ta duba ƙusa ba makulli, ta duba murfi ba makulli. Ta daɗe a tsaye kafin ta murɗa ya buɗe. Ta sa tiyo ya ƙi shiga. Ta zuƙa, ta zuƙa, sai tururi ya shaƙe ta. Ta girgiza babur ta kara kunne, shiru. Washegari ta dawo da tsinke ta zura, ta ji abu mai laushi an cusa har wuya. Ta mayar da murfi, ta goge tankin da gefen zanenta duk da haka, ta ɗauki galan ta fita wurin 'yan bumburutu na bakin titi, masu haɗa mai da kananzir. Tun ranar abin da inji ke sha ke nan. Na ce to ke me ya hana ki gaya mini? Ta ce ai ta ɗauka da gangan na yi, bare da ta ji abin da na faɗa ranar tsintar wake, kuma ta san duk unguwa amarya za a ce ta sa. Idonta ya kawo ruwa.

"Ni dai in don ni ka toshe, don Allah ka buɗe."

Ku da kuka taso kuna faɗa wa uwarku komai har da abin da ba a tambaye ku ba, za ku ce me ya fi sauƙi, ka je ka durƙusa ka yi bayani. Ba ku san Iya ba. In na je na ce ban toshe don ke ba, na faɗi da baki cewa tana ɗiba, na kuma faɗi cewa na ga ranta ya ɓaci a kaina. Sai ta ce wa Kyalla ita ba ta san zancen da ake yi ba, ta ƙara wa ɗaurin kayanta ƙulli. Abin da ba a ƙulla da baki ba, ba a gyara shi da baki. Na hau Guguwa na tafi Sabon Gari ko wanka ban yi ba. Tsohon tankina, in ji Chidi, wani mutumin Funtuwa ya ɗauke shi tun washegari. Bulus ya ce ana iya fasa wa sabon famfo a ƙasa, amma mai waldar alminiyam sai Kaduna, kuma sai ya ga dama. Iya kuwa gobe za ta tafi. Ga shi Lahadin nan ce aka sa babban tsere, wanda na riga na gaya wa duk mai kunne a Samaru cewa Nura zai koma hawan keke. Chidi ya ce in na cire soson na mayar da tankin gwangwanin madara, kuma ba ya komawa, don sai an yayyaga shi zai fito.

Na ce wa Bulus ya ɗauko kayan aikinsa.

Bayan la'asar muka shigo da babur har tsakar gida, abin da ban taɓa yi ba, muka kafa shi daidai ƙofar ɗakin Iya. Bulus ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da fara'a, Bulus ɗana, ya mamanka, Bulus ya aiki, Bulus ka rame. A gaisuwa ɗaya ta kira sunansa abin da zai ishe ni shekara. Muka kwance jikin babur, muka tsiyaye man ta tiyon kafireto, muka sauke tankin da muka sha wahalar ɗorawa. Bulus ya lanƙwasa wayar keke ya yi ƙugiya ya zura. Na riga na gaya masa abin da zai faɗa, amma Bulus ya taɓa yin wasan kwaikwayo a coci, ba a ba shi magana ya bar ta yadda take.

"Kai! Wane marar tsoron Allah ne ya cusa wannan abu a nan?"

"Turawa ne," na ce, ina kallon akuya. "Haka ya zo daga can. Ni ban san yana hana tiyo shiga ba sai yau."

"To ai ko ɗan tsinke ba zai shiga ba! Mutum da tankinsa, a hana mutanen gidansu amfana? Amma Turawan nan ba su da uwaye."

Na taka masa ƙafa. Muka yi ta zaro soso, guntu bayan guntu, yana fitowa yana kumbura, har na fara tunanin ko ƙasan tankin ya haɗe da kamfanin katifa. Tsakar gida ta cika da warin fetur, kaji suka bar gidan. Kowane guntu da ya fito, ina ganin Nura yana ɗaga mini yatsu biyu. Iya na zaune ta ba mu baya, hannunta a kan ƙullin kaya, ba ta juyo ba ko sau ɗaya. Da muka gama na zuba mai na girgiza tankin da ƙarfi, ya yi ƙulum-ƙulum yadda har maƙwabta za su ji. Can sai Iya ta ce:

"Kyalla, ashe Turawa ma suna da rowa."

Ta jawo ƙullin ta kwance, ta zaro tukunya, ta ce a gaya wa baƙo ba zai tafi bai ci tuwo ba. Kafin tuwo ya nuna Bulus ya wanke wa inji fulogi da kafireto. Washegari ladan bai kai rabi ba Iya ta ja igiya. Ban taɓa jin daɗin ƙarar da ta hana ni barci irin na ranar ba. Da na fito tankin na ƙyalli.

Saura tsere. Na lallashi kaina cewa soso ba shi ke tuƙi ba, hannu ne. Ranar Asabar na yi layi na sami mai kyakkyawa, na yi 'yan zagaye na gwaji, na dawo da abin da na san zai ishe ni ko Iya ta ɗibi nata. Ban san matan rumfa, da suka fara dawowa, sun kai mata labarin Lahadi ba. Da safe na ji shiru, inji bai tashi ba. Na fito da sauri. Iya na zaune a kujerarta a bakin rumfa, lafiya lau, tana jan carbi. Na murɗa murfin tanki. Mai ne har baki, ya fi yadda na bar shi. Wari ya bugi hancina, warin da na sani a miyar unguwarmu ta kwanakin baya. A gefen rumfa ga galan ɗinta na 'yan bumburutu a kife, ba ko ɗigo. Ba ta ɗibi nawa ba, ta hana injinta aikin ranar, sannan ɗan abin da ta ɓoye don ranar tsiya ta juye mini shi duka.

"Kyalla, an ce mutane za su yi tafiya mai gudu yau. An ƙara musu guzuri, kada ya yanke musu a hanya. Allah ya kai su ya dawo da su da ƙafafunsu."

Na san abin da kananzir ke yi wa babur irin nawa. Ina iya zagayawa bayan layi in zubar, in bi abokai in roƙi kwalba-kwalba, wataƙila in haɗa abin da zai kai ni. Na tsaya riƙe da murfi ina wannan lissafin, sai na ga ta gefen ido tana kallona, ita da ba ta kallona. A shekarun nan duka ita ke ɗiba a wurina, yau ɗaya ta samu ta zuba. Na mayar da murfi na murɗa. Na ce wa Kyalla an gode, guzuri ya yi, na tayar da Guguwa na fita.

Sauran kun ji a bakin Bulus, kuma a nan bai yi ƙari da yawa ba. Aka ɗaga hannu muka tashi, na yi gaba kamar abin gaske, har na fara tausayin Nura. Kafin kwanar farko Guguwa ya yi atishawa. Ya yi ta biyu. Sai ya fara harbi ta salansa kamar maharba sun shigo gari, hayaƙi fari ya rufe titi har wani mai mota ya tsaya yana tambaya ko gobara ake yi. A kwana kuma man ya kwaso gefe ɗaya ya ce bismillah, na miƙe zaune kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kowa ya wuce ni. Na iso wurin ƙarewa an riga an gama taya Nura murna, wasu har sun tafi gida sun karya. Bulus ya sunkuya ya shinshina salansa, ya ɗago ya ce a gaban jama'a, rowa ce ta sa na sayi man bumburutu ranar tsere, bayan duk wahalar da ya sha. Na ce haka ne. Shekara da shekaru yana faɗa ina cewa haka ne.

Da na dawo gida ina tura babur, ido ja, riga na warin kananzir, labari ya riga ni isowa. Iya ta dube ni daga ƙafa zuwa kafaɗa, ta tsaya a nan, ta ga komai na nan a wurinsa. Ta juya wurin akuya.

"Na ji an ce 'ya'yan mutane sun yi ta gudu kamar ana korarsu. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya tafi da natsuwa."

Ranar na tarar da kaza guda cur a ƙarƙashin tuwona.

Ban sake tsere ba. Ba tsoro ba ne, lokaci ne babu: ƙaramin tanki da baki biyu ke sha, sai na koma ɗan gidan layin mai, har masu zuba man suka yi mini kujera. Haka muka yi ta yi har aka kawo mata inji mai aiki da lantarki, shi ma in an ɗauke wuta Rijiya ake komawa. Iya ba ta sake zancen Bomo ba sai in za ta je suna. Soson kuwa ta shanya shi a kan rufi har warin ya fita, ta ɗinke shi a cikin atamfa ya zama matashin zama. Matashin nan da ke kan kujerarta, wanda kuka yi ta faɗa a kansa kuna yara, shi ne. Kun zauna a kan nasarata ba ku sani ba.

Tankin na nan rataye a zaure, kuna wuce shi kullum. Jar akuyar da ke cin takardunku na makaranta kuma jikar jikar Kyalla ce. Wani lokaci in na fito da asuba na ji unguwa shiru, nakan tsaya gabanta in ce a gaya wa masu guzuri ya kai ni ya dawo da ni, har yau ban gama cinye shi ba. Uwarku na gani ta taga.

In Bulus ya zo Sallar bana ya fara, ku bar shi ya kai wurin mai rake. Sannan ɗayanku ya juya ya gaya wa akuya dalilin.